Abin da Kika Ɓoye a Babin Ƙarshe

Malamata, sanyin idona, ruwan randar da na yi shekara arba'in da ɗaya ina sha bai taɓa gundurata ba, inuwar da nake gudu in fake a cikinta duk ranar da duniya ta yi zafi, tauraruwar da in ta fito nake gane hanyar gida. Ina gaishe ki irin gaisuwar da busasshiyar ƙasa take yi wa ruwan farko. Gaisuwa ce daga tsohon da bai taɓa rubuta wa mace wasiƙa ba sai yau, da furfura ta gama cinye masa kai.

Kafin komai, ga tabaranki nan a cikin ambulan, na naɗe shi da hankici. Kin manta shi a bakin taga ranar da kika fita a guje. Ki sa shi ki karanta da kanki. Kada ki miƙa wa Auta ta karanta miki, kada kuma ki buɗe a gabanta. Ki bari sai ita da jaririn sun samu barcin rana, ki ja ƙofa. Rubutun kin san shi, ke kika sha gyara shi. In kin ga harafi ya karkace kamar ƙofar da damina ta jiƙa, ki yi haƙuri, a kan teburin aikina nake rubutawa, tsakanin zarto da gwangwanin ƙusa, kuma yau kwana uku ke nan ina fama da takardar nan.

Yaya angonki? Yaya wannan ɗan fashin da ya zo duniya ba ko riga, ya kwashe min mata ya bar ni da tukwane? Ki gaya masa ina nan ina jiran sa, in ya isa ya fito mu gwada ƙwanji. Malama, ban san akwai sauran irin wannan farin cikin a ajiye domina ba. Shekara shida Auta tana jira, shekara shida kina share mata hawaye a kicin kina cewa albasa ce, sai ga shi Allah ya kawo mana wannan ɗan tsako mai kunnuwa irin nawa. Ranar da kika ɗora min shi a hannu, ya laluba ya kama babban yatsana, yatsan nan da na yi rabin rayuwata ina dangwala wa tawada a madadin sa hannu, ya riƙe shi gam kamar wanda ya zo karɓar gado. Na dawo gida ina tafiya kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na gaya wa mai aski, na gaya wa mai gyaran keke, na gaya wa wani mutum da ban ma san shi ba a cikin bas, har ya sauka yana yi min barka. Gadon kwanansa na gama shi. Na goge kowace kusurwa sau uku, na shafa da kumatuna don in tabbata babu abin da zai karce shi. Mijin Auta zai zo ɗauka ranar Asabar, shi ne zai kawo miki wannan wasiƙa.

To amma, abar ƙaunata, farin cikin nan ya zame min kamar zuma a bakin mai zazzaɓi. Na san tana da zaƙi, harshena ne ya kasa ji. Ina da laifin da zan faɗa miki, ke ma kina da wanda za ki amsa min. Bari in fara da nawa, don shi ne ƙarami.

Kin san dokarmu. Tun da kika tura ni makarantar yamma ina da shekara sittin da uku, kina cewa gemu ba ya hana ilimi ina cewa amma yana jawo dariyar yara, kullum bayan la'asar muna zama a kan bencin baranda da littafi. Ke shafi biyu, ni shafi ɗaya. Ba wanda zai wuce wani, ba wanda zai leƙa gaba. In mun rufe, ki ɗora littafin a saman kabad. To, Malama, ni ɓarawo ne. Wata bakwai ke nan, duk ranar da kika tafi kasuwa ko gidan 'yar'uwarki, sai in rufe shago, in taka kujera, in sauko da littafin, in nemi shafin da zai faɗo a kaina, in yi ta maimaita shi har ya zauna. Da yamma in karanta miki shi tiryan-tiryan, ki ce, “Ɗalibi, kai fa ka fara gudu,” ni kuma in kumbura kamar talotalo. Ba gudu na fara ba. Hanyar na riga na bi da safe.

Da kika tafi, gidan ya yi min faɗi. La'asar ta yi, bencin ya zuba min ido. Sai na ce bari in yi miki wata bajinta: in haddace babin ƙarshe gaba ɗaya, shafi goma sha ɗaya, ranar da kika dawo in ce ki ajiye tabarau ki huta, yau ɗalibi ne zai kai ki har bakin labari. Ina kuma so in san ko matar nan ta cikin labarin, mai sayar da irin shuka, za ta ga ƙanenta bayan duk garuruwan da ta taka. Ranar Litinin da hantsi na taka kujera, na buɗe littafin ta baya. Sai wata takarda mai ninki huɗu ta zamo ta faɗo a kan ƙafata.

Abin da na fara gani sunanki ne. Kin san shi ne kalmar da na fara iya rubutawa, kafin nawa sunan. Wallahi murmushi na yi. Na ɗauka wani saƙo kika ajiye min don ranar da za mu iso ƙarshe, irin na malama ga ɗalibin da ya ci jarrabawa. Na zauna a bakin gado na sa yatsa a ƙarƙashin layi, yadda kike hana ni. Sannan na ga hatimin asibiti. Sannan na ga kwanan wata, sati uku kafin ki tafi. Sannan na ga an rubuta ki koma ranar tara ga wata, ƙarfe goma na safe.

Ranar tara, ƙarfe goma na safe. Malama, kin san inda nake a wannan lokacin? Ina tsaye kusa da ke a ɗakin masu haihuwa, ina yi wa jariri rawar tsufa, nas-nas suna dariya. Na ga kin ɗaga kai kin dubi agogon bango, kin daɗe kina dubansa, sannan kika sunkuya kika ci gaba da ninke zanen jariri. Na ɗauka lokacin maganin Auta kike lissafi. Ashe naki lokacin ne yake wucewa a gabana, ni kuwa ina rawa.

Akwai kalmomi uku a takardar da suka fi ƙarfina, irin na likitoci, masu tsawo kamar igiyar guga. Na ciro fensir daga bayan kunnena na kwafe su harafi-harafi a kan guntun katako, don ban yarda in fita da takardar wani ya ga sunanki ba. Na kai wa mai kantin magani na bakin titi. Ya juya katakon ya ce, “Baba, yau kuma allo aka koma?” Da ya karanta sai dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce wa aka rubuta wa wannan. Na ce wani abokina ne. Ya dube ni ta saman gilashinsa ya ce, “Baba, abokin nan naka mace ce.” Ya jawo min kujera. Ya ce an ga ƙullutu ne a mama ta hagu, ana so a ɗebi ɗan kaɗan daga cikinsa a auna, a san ko mugu ne ko ba mugu ba. Ya ce tun da ba a auna ba, ba mai iya cewa komai, kuma sau da yawa akan auna a ga ba abin tsoro ba ne. Na ji wannan. Amma ya ƙara da cewa abin da ba a so shi ne jinkiri, wannan kuwa shi ya zauna min a ƙirji kamar an kafa ƙusa.

Na san abin da za ki fara tambaya, don haka ga amsa: a wurin ya auna jinina. Ya ɗan hau, bai kai na tsoro ba. Kin gani? Na ji, kuma ban faɗi ba. Na tashi da ƙafata na dawo gida, na sha maganina a kan lokaci. Abin da kike gudu ke nan, ko ba haka ba? Tun ranar da na yanke jiki na faɗi a shago shekara huɗu da suka wuce, kin mai da ni ƙwai a cikin cokali. Kin ɓoye min gishiri, kin ɓoye min labarin rasuwar abokina har sai da na ci abinci, kin ɓoye min wahalar cikin Auta. Na yi shiru, don na san ƙauna ce. Amma wannan? Wannan ma sai ki ɗauka ke kaɗai, a gefen hagu, daidai inda nake kwantar da kaina?

Na shigo gida ran nan sai idona ya buɗe, na fara karanta abin da kika yi sati uku kina rubutawa a gabana. Gwangwanayen kicin da kika manna wa takardu da manyan haruffa: SUKARI. SHAYI. GISHIRI, KAƊAN. Jadawalin maganina da kika liƙa a bayan ƙofa, safe da ja, yamma da shuɗi. Lambobin wayar yara da kika rubuta a jikin kalanda, manya-manya kamar na makaho. Ranar da kika tsayar da ni kika koya min kunna risho har sau uku, kina cewa namiji ya iya dafa ko da ruwan zafi ne. Na ɗauka duk darasi ne. Ina bin gwangwani ɗaya bayan ɗaya ina karantawa da ƙarfi, ina jiran ki ce na yi ƙoƙari. Ashe gidan kike shiryawa domin ranar da ba kya cikinsa. Ashe bankwana kike rubuta min a jikin gwangwanin sukari, ni kuma ina murna na iya haɗa baƙi.

Na zauna a ƙasan kicin na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Ba zan ɓoye miki ba, ɓoyon ya isa haka.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ni wane irin makaranci ne, da na iya karanta gwangwani na kasa karanta fuskar matata? Na ga kin daina ɗaukar bokiti da hannun hagu, na ce tsufa ne. Na ga kin koma kwanciya ta dama kina ba ni baya, na ce minsharina ne. Na ga kina karatu sai ki tsaya a tsakiyar layi, in ce Malama ina muka tsaya, ki ce ƙura ce ta shiga idonki. Ni da nake ƙwanƙwasa katako sau ɗaya in san ko akwai rami a cikinsa, na kwana ashirin da ɗaya kusa da ke ban ji komai ba.

Kuma na gane dalilin da ya sa kika zaɓi babin ƙarshe. Ba ki sa ta a akwati ba, don Auta takan buɗe akwatinki. Ba ki sa ta a jaka ba, don nakan nemi mabuɗi a ciki. Kika sa ta a wurin da kika tabbata mijinki ba zai je ba sai tare da ke, don kin ɗauke shi mai riƙon alkawari. Ko kuwa hannunki ne bai manta ba? Shekara talatin da bakwai, in kina so ki ɓoye min abu, a rubuce kawai kike barin sa a kan tebur, ya fi kowane kwado tsaro. Ke kika ba ni mabuɗin da hannunki, hasken raina, sannan kika manta kin bayar.

Kin tuna ranar da muka fara haɗuwa? Ni ban taɓa faɗa miki yadda ranar take a wurina ba. An kira ni gyaran bencuna a makarantar da kike koyarwa, kina sabuwar malama, da alli a gefen mayafinki. Shugaban makaranta ya miƙo min takardar abubuwan da za a gyara, a gaban yara sun fi arba'in, ya ce in duba in faɗi abin da zan fara da shi. Na karɓa na ƙura mata ido kamar mai nazari. Ban san a juye na riƙe ta ba, ƙafafun haruffa suna kallon sama. Na ji wata yarinya a layin gaba ta fara ƙunshe dariya. Zufa ta karyo min, na roƙi ƙasa ta tsage. Sai kika taho kika zare takardar daga hannuna kika ce, “Rubutun shugaba ai sai wanda ya saba, kawo in gani ko ni zan iya.” Kika karanta da ƙarfi, kina yi kamar ke ma da ƙyar kike ganewa: benci tara, ƙofa ɗaya, allo biyu. Ba ki dube ni ba ko sau ɗaya. Na gyara bencin nan tara a kwana biyu, sannan na yi kwana goma sha biyu ina nemo wa ƙofa ɗaya laifi.

Tun daga ranar kike rufa min asiri. A banki ke, a asibiti ke, wasiƙar yara daga makaranta ke. In an miƙo min takarda cikin mutane sai ki ce, “Bai zo da tabaransa ba,” alhali ban taɓa mallakar tabarau ba. Ke ce bangon da iska take duka ni ina ciki ina shan ɗumi. Ke ce bishiyar da kowa yake hutawa a gindinta, ba wanda ya taɓa ɗaga kai ya tambaya ko ita ma rana tana ƙona ta. Wancan rufin asirin ya raya ni, Malama. Wannan na yanzu kashe ni zai yi.

Saurari abin da na yi, ki yi faɗan daga baya. Ranar Talata na sa rigata mai kyau na tafi asibitin da takardar a aljihu. Na bi alamun bango da kaina, kibiya bayan kibiya, ban tambayi kowa ba sai sau ɗaya. Na sami wata nas mai ƙiba a bayan tebur, tana da murya kamar ta mai kiran fasinja. Da farko ta ƙi kula ni, ta ce ba a ba wani labarin wani. Na ce ni ban zo karɓar labari ba, labarin yana aljihuna, rana na zo nema. Ta jawo fayil ɗinki ta ce, “Au, kai ne mijin Malama? Sau biyu muna kiran ta, ta ce 'yarta tana kan gwiwa, ta ce sai an kwana biyu. Baba, matarka tana da taurin kai.” Na ce ai shi ya sa ta iya zama da ni.

Ta juyo min da fom ɗin da kika cike. Rubutunki ne, mai kyau, a tsaye kamar sojoji. Kin cike kowane layi, sai guda ɗaya a ƙasa, inda aka ce a rubuta wanda za a nema in wani abu ya taso. Layin nan fari fat. Kin bar shi kamar wadda ba ta da kowa a duniya. Na karanta takardar likita na tsaya da ƙafata, amma wannan farin layin sai da ya sa na dafa tebur.

Nas ta turo min abin dangwale. Na ce ta ba ni biro. Na rubuta sunana cikakke, da lambar wayata, a wurin dangantaka na rubuta MIJINTA. Na daɗe ina yi, har wani a bayana ya ce, “Tsoho, littafi kake wallafawa ne?” Nas ta ce masa ya bar ni, ai shekara arba'in na yi ina tahowa. Ban san inda ta samo wannan ba, amma ba ta yi kuskure da yawa ba.

An ba mu ranar Talata mai zuwa, ƙarfe takwas na safe. Katin yana wurina. Ban saka shi a littafi ba, na kafa shi da ƙusa a jikin ƙofar ɗakinmu, inda makaho ma zai yi karo da shi.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce Auta ba ta yi ƙwari ba, za ki ce wa zai yi wa jariri wanka, za ki ce bari a yi wata ɗaya. Bari kafinta ya yi miki magana da abin da ya sani. Sau nawa aka kira ni a kan ƙofa, in ƙwanƙwasa in ce akwai gara a ƙasan nan, a bar ni in yanke tafin hannu ɗaya in sa sabo, mai gida ya ce sai bayan damina? In na dawo bayan damina, ba tafin hannu nake cirewa ba, ƙofar nake ɗauka. Sau nawa kuma aka kira ni a firgice, in duba in ga ba gara ba ce, kullin ice ne kawai, tun yana bishiya yake tare da shi, ba abin da zai yi? Ban san wanne ne naki ba. Ke ma ba ki sani ba. Amma ba a sani daga nesa, sai an matso an ƙwanƙwasa. Kin fi sati uku kina zaman makokin abin da wataƙila babu shi. In kuwa akwai shi, kowace safiya da kika ba shi, daga cikin nawa rabon kika ɗiba kika ba shi, da na Auta, da na wannan ɗan angon naki da bai ma san kalar muryarki sosai ba.

Wa zai koya masa karatu? Ni? In koya masa ya riƙa sa yatsa a ƙarƙashin layi yana satar shafi? Wa zai ce masa ya zauna daidai, wa zai gyara masa riƙon fensir, wa zai rufa masa asiri ranar da ya riƙe tasa takardar a juye? Shekara shida kika yi kina roƙon Allah ya kawo shi. Za ki tarbe shi a bakin ƙofa ne kawai ki juya?

Maganar Auta na gama da ita. Na kira uwar mijinta, ta yarda za ta zo ranar Lahadi ta zauna sati biyu. Ban gaya mata komai ba. Cewa na yi na kasa zaman gida ni kaɗai, na ƙona tukunya biyu, na sa sukari a miya, a taimaka a dawo min da matata kafin in ƙona gidan. Ta yi dariya har tana tari, ta ce, “Tsofai-tsofai da kai, kwana goma ya gagare ka? Kishi kake da jariri?” Na ce ƙwarai kuwa. Yanzu haka na san labarin ya zaga dangi, za a yi shekara ana yi min dariya. Su yi. Ki bari su yi, ki taya su ma, ki ce ai kin san tsohon nan ba ya iya komai in ba kya nan. Ba ƙarya za ki yi ba. Tukunyar ma guda ɗaya da gaske na ƙona ta. Auta kuwa, in an auna an gaya mana, mu biyu za mu zauna mu faɗa mata, ko mene ne. Kin rufa min asiri a gaban yara arba'in. Ki bar ni in rufa miki naki na kwana huɗu.

Na ɗauki waya ya fi sau bakwai in kira ki. Kowace safiya kina kira ki ce, “Ka sha magani?” in ce na sha, ki ce, “Ka ci abinci?” in ce na ci, in ajiye wayar ban faɗi maganar ba. Na san muryata za ta tona ni, Auta kuwa kunnenta kamar na zomo. Kuma ni ban iya faɗa da baki ba, kin sani. Shekara arba'in da ɗaya da katako nake yi miki magana: kujerar kicin da na rage wa tsawo don bayanki, kantar littattafanki, bencin baranda. Yau ga shi kin sa na faɗa da haruffan da kika ba ni. Ina son ki, Malama. Ina son ki son da tsohuwar bishiya take yi wa ƙasar da ta riƙe saiwarta. In an janye ƙasar, ba faɗuwa bishiyar take yi a ranar ba, tana nan tsaye mutane suna wucewa suna cewa lafiyarta ƙalau, alhali ta riga ta mutu.

Ki dawo ranar Litinin. Mijin Auta zai kawo ki, na riga na roƙe shi, shi ma yana cikin masu dariya. Za ki tarar na cire takardun nan daga jikin gwangwanaye. Na san inda sukari yake. In na manta, ke zan tambaya.

Babin ƙarshe kuwa ban karanta ba. Layin farko kawai idona ya gani kafin takardar ta faɗo, shi ma na roƙi Allah ya mantar da ni. Ban san ko matar ta ga ƙanenta ba, kuma ba zan sani ba sai kina kusa da ni. Zan zo da littafin ranar Talata. Na duba bencin da ake jira a kai a ƙofar ɗakin likita, ƙafarsa ɗaya ta fi sauran gajarta, yana rawa. Na yanko ɗan katakon da zan cusa masa, yana aljihun rigata. A kan bencin nan zan karanta miki, ba tare da na bi hanyar da safe ba. Za ki ji ainihin karatun mijinki, da tuntuɓe da komawa baya da yatsa a ƙarƙashin layi. Ki gyara min da ƙarfi a gaban kowa, ba na jin kunya kuma. In an kira sunanki, tare za mu tashi.

Wani abu kuma. Da na fito daga asibiti na biya laburaren da kike aro mana littafi. Na ce wa matar da ke wurin ta ba ni wanda ya fi kowanne kauri. Ta ce labarin me nake so, na ce ba ruwana da labarin, kaurin nake so. Ta ɗauko min wani mai shafi ɗari bakwai da goma, sai da na riƙe shi da hannu biyu. Ta ce ana mayarwa bayan sati uku, na ce ta shirya ganin fuskata, don zan yi ta zuwa sabuntawa har ta gaji da ni. Na lissafa a kan katako: shafi uku a rana, in an cire ranakun baƙi da ranakun da angonki zai hana mu sakat, zai kai mu shekara guda. In kuma kika bar ni ni kaɗai nake karantawa kina saurare, zai kai mu uku. Yana nan a kan bencin baranda, a gefenki. Ban buɗe shi ba, ko ta gaba ko ta baya. Wannan karon na riƙe alkawari.

Ki shafa min kan ɗan fashin nan. Ki ce masa aro na ba shi, ranar Litinin zan karɓi abata.

Naki tun ranar da na riƙe takarda a juye, naki ranar Talata ƙarfe takwas, naki ko me likita ya ce, har ranar da za a rufe nawa littafin,

Ɗalibinki, mijinki, wanda za a nema.